Waƙar Dakan Dutse

Ƙanena, autan Inna, ba don ya fi kowa murya ya shiga waƙa ba. Tsoron rami ne ya kai shi. Lokacin da zinari ya ɓulla a dajin da ke tsakanin ƙauyenmu da Bagega, duk namiji mai ƙarfi a jika ya ajiye fartanya ya ɗauki diga, har da maigidana. Auta ma ya bi su da zumuɗinsa. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka maƙala masa tocila a goshi, aka zura shi. Bai kai ƙasa ba ya fara jijjiga igiya yana salati. Da aka jawo shi sai ya kakkaɓe riga ya ce shi dai ya ga alama ba a can ƙasa abincinsa yake ba. Har yau in ina so in rage masa girman kai a gaban baƙi, igiyar nan nake tuna masa.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, makaɗin noma ne. In za a yi gayya shi ake kira, ya rataya ganga ya bi manoma cikin gona yana zuga su, yana kiran kowa da sunan ubansa da unguwarsu. Ya rasu ya bar gangar rataye a zaure, gayya ma ta bi shi, don babu mai lokacin gona tunda zinari ya zo. Auta bai taɓa gangar nan ba. Gurmi ya samo wajen wani tsoho a Anka, ya koya wa kansa a bayan rumbu, mu kuwa kunnuwanmu suka sha wahalar koyon. Da hannunsa ya faɗa sai ya ɗauki aikin Baba ya kai shi bakin rami. Zai zauna a kan buhun dutse, ya sunkuyar da kai, ya yi ta rera wa na ciki. Su na ƙasa ba a jin maganarsu sosai, saboda haka in waƙa ta yi musu daɗi sai su girgiza igiya. Igiyar da ta kunyata shi ita ta koma yi masa tafi.

Masu haƙar zinari ba su cika riƙe komai a aljihu ba a bakin aiki, da dutse suke sallamarsa. Duk buhun da aka jawo, sai a ɗiba masa a kwano. Da yamma ya ɗaure abin da ya tara a bayan keke ya kawo gidan Inna. A lokacin haka kowa yake yi. Maza su fasa dutsen da guduma, mata su daka shi a turmi su tankaɗe, sannan a kai garin wurin wanki. Turmin da aka daka gero da safe shi ake dakan dutse da hantsi. Gidana da na Inna katanga ɗaya ta raba, akwai ƙofa ta baya, to kullum in na gama aikina sai in tsallaka in kama mata taɓarya.

Ba dakan kaɗai ke kai ni ba. 'Yata ta fari tana can. Tun da aka kai ta yaye wurin Inna ba ta dawo ba, kamar yadda aka saba. Ba zan rubuta sunanta ba ko a nan, bakina bai saba da shi ba, hannuna ma haka. An yi mini tarbiyya irin ta da: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ma wani ne zai ɗaga shi. Ita kuwa yarinyar, Inna take ce wa Inna, ni kuma Yaya take ce mini, don haka ta ji kawunta yana kira na. 'Yar gajera ce mai kumatu, ga son zama kusa da turmi. In ana tankaɗe sai ta tsoma hannu a garin ta shafa a fuska ta zo tana nuna mana ta yi hoda. Ina son yarinyar nan ƙwarai, kuma ban taɓa nunawa ba, don ba a haka.

Wata rana da hantsi Auta ya shigo da wayar wani abokinsa, irin mai ƙara ɗin nan mai memori. Ya ce ya yi sabuwar waƙa, kuma ba ta zama sai da lugude. Na ce masa ya tafi ya ba mutane wuri, muna da aiki. Ya ce ai aikin yake so. Ya kife ƙwarya kusa da turmi ya ɗora wayar a kai, ni da Inna muka ci gaba da dakanmu, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta sauke. Dakan dutse ba ya amo irin na gero. Gero yana da taushi a kunne, shi kuwa dutse ƙara yake yi mai kaifi, taɓarya ta dawo maka har kafaɗa. A kan wannan ƙarar ya ɗora gurminsa. Amshin bai wuce layi ɗaya ba: "Daka, Yaya, daka, dutsen ga da rabo cikinai." Sauran duk kirarin masu rami ne da matan da ke daka.

Wajen tsakiyar waƙar akwai inda ya yi shiru ya bar gurmi da taɓare kawai. Daidai nan yarinyar ta taho daga bakin randa ta tsaya a bayana ta ce, "Yaya." Ban waiga ba, Inna tana tsaye a gabana. Ta sake cewa, "Yaya," da ɗan ƙarfi. Sai Inna ta ce, "Na'am, ƙawata," ba tare da ta saki taɓarya ba. Auta ya so ya sake ɗauka, ya ce an ɓata masa waƙa, mai wayar ya ce caji ya kusa ƙarewa. Haka aka bar ta.

Ranar kasuwar Anka mai wayar ya kai ta shagon caji, inda samari ke tura wa juna waƙoƙi. Daga nan ta fita hannunmu. Ba a yi nisa ba sai ga ta a bakin kowane rami, a wurin injin niƙa, a wayar 'yan acaɓa. Abin da Auta ya kira ɓaraka shi mutane suka fi so. Aka fara kiransa biki, da farko nan kusa, sannan Bukkuyum, sannan wani mai sayen zinari ya aiko da babur aka ɗauke shi har Gummi. Ya dawo da sabuwar hula da takalmi sau-ciki da ya fi ƙafarsa girma, yana tafiya yana jan su. Ya ba mu labari cewa in ya kai wurin shirun nan, taron duka sai ya ɗauka da ƙaramar murya, "Yaya," wasu kuma su amsa, "Na'am, ƙawata." Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni na ce Allah ya shirye su, amma a raina na ji daɗi.

Da bazara ta shigo yara suka fara ciwo. Amai, sai jiki ya saki, sai jijjiga. Wasu suka ce zazzaɓi ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce ta biyo dutsen daga daji. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka sha allura wajen mai kemis. Ba na son in tsawaita a nan. Tamu ta fara da daina cin abinci, sannan ta daina gane mutane. Inna ce ta goya ta, maigidana ya ja babur suka nufi asibitin Anka, ba su kai ba suka juyo. Ni ina gida ina wanke-wanke, don ko rakiya bai kamata in yi ba ga uwata tsaye.

Masu ta'aziyya Inna suka fi yi wa, ita ce ta yi kukanta a fili, kuma babu wanda ya ga laifinta, kaka ce. Ni na zauna a gefe ina amsa gaisuwa, ana yaba haƙurina. Nawa kukan a makewayi na yi shi, da buta a hannu. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Rigunanta Inna ta bayar tun kafin a yi addu'ar bakwai.

Daga baya likitoci suka zo, wasu daga birni wasu daga ƙasashen waje, suka ɗebi jinin yara suka auna ƙasar gidaje. Suka ce dalma ce a cikin dutsen, ƙurarta ce yara ke shaƙa suna haɗiya. Aka hana dakan dutse a gida. Aka zo da shebur da baro aka kankare ƙasar tsakar gidan Inna, aka zuba wata sabuwa ja da aka ɗebo daga nesa. Turmin ma aka tafi da shi. Ban ɗora wa kowa ba, ban kuma ɗora wa kaina ba, don duk garin babu wanda ya sani. Auta ne ya ɗora wa kansa. Ya rataye gurmi kusa da gangar Baba, ya shiga gona daminar nan, ya yi noman da bai kai ya kawo ba. Aka yi ta aiko masa daga Gummi yana cewa ba shi da lafiya.

Ita kuwa waƙa ba ta san an yi mutuwa ba. Tana nan a wayoyin mutane. Akwai mai shayi a bayan katangata, kullum da safe sai ya kunna ta yana fifita wuta. Ranar da na fara jin ta bayan rasuwar, sai na ajiye aikina na zauna a bakin murhu. Kashegari kuwa sai na tsinci kaina ina jira. Na san wurin, na san baitin da ke zuwa kafinsa. In an kusa sai in ajiye tsintsiya in matsa jikin katanga kamar mai duba shanya. Da wannan nake karyawa. A shekarar maigidana ya saya mini 'yar waya, amma da wane baki zan ce a saka mini waƙar? Duk garin an san muryar wa ke ciki. Da na tambaya, da kafin azahar an ce wance ta zubar da kunya a kan 'yar fari. Sai na dogara da mai shayi, shi kuwa bai san yana yi mini komai ba.

An ɗauki lokaci kafin Auta ya sauko da gurminsa. Wani ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyuka ne ya zaunar da shi, ya ce tunda mutane sun ji maganarsa lokacin da ya ce a daka, za su ji in ya ce a daina. Aka kai shi Gusau, situdiyo, inda ake shiga ɗaki a rufe a sa maka abu a kunne. Ya bar karin waƙar yadda yake ya sauya kalmomin: a bar dutse a daji, a wanke jiki kafin a shigo gida, kada yaro ya je wurin niƙa. Aka sa masa fiyano a madadin taɓare. Gaskiya ta yi amfani. Aka riƙa sa ta a lasifika ranar kasuwa, gidan rediyo ma ya ɗauka, kuma daga nan ne sunansa ya wuce yankinmu. Ya samu 'yan amshi biyu, ya fara tafiya da janareta. Ni dai na ce masa sabuwar kamar miya ce ba daddawa, ya ɗauka tsokanar da na saba ce.

Abin da ban sani ba, Auta ya ɗora wa kansa wani aiki. Duk garin da ya je wasa sai ya shiga shagunan caji ya ba su sabuwar kyauta, da sharaɗin su goge tsohuwar a kwamfutarsu, kuma duk wanda ya kawo waya a musanya masa. Ba su yi masa gardama ba. Samari sun fi son mai fiyano, memorin lokacin kuma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Na fara lura ana rage jin ta a bakin hanya. Sai wata safiya mai shayi ya kunna wayarsa, na ajiye tsintsiya, na matsa jikin katanga. Aka zo wurin, sai fiyano ya yi wani ɗan kiɗi ya wuce. Na tsaya har waƙar ta ƙare, na ce ko gobe. Gobe ma haka.

Auta ya zo da kansa ya gaya mini, a tsakar gidan Inna, yana zaune a kan kujerar tsuguno yana wasa da makullin babur. Ya ce, "Yaya, na hwa gama da waƙag ga. Daga Anka har Gummi babu shagon da ban shiga ba. Tawa ma na goge. In Allah ya so ba ki ƙara jin ta."

Yana kallona yana jiran in ji daɗi. Tsakaninsa da Allah ya yi, ya zaci kullum yanka ni take yi. Na ji kamar in ɗauki muciya in rafka masa. Na ce, "Ka kyauta, Auta. Allah shi yi albarka." Na tashi na koma gidana, na bar garin tuwon da na zo tankaɗewa.

Inna tana zaune tana tsinkar zogale, duk a kunnenta aka yi. Ni ban taɓa gaya mata komai ba, amma katangar nan gajera ce, kuma ta daɗe tana ganin inda nake shanya. Bayan 'yan kwanaki ta aika aka kira shi, ta kuma aiko in zo in taya ta gyaran wake. Ina zaune kaina a sunkuye ta fara.

"Kai Auta, wa yab ba ka izinin goge muryaj jikata?"

Ya yi sororo. Ya ce, "Inna, dutsena na hwa. Ni nika kawo shi gidanga."

Ta ce, "Dutsenka na, turmina na, rariyata ta. Kowa da hannunai ciki, kuma babu wanda yas sani. Wanga ba shi hana ni jin jikata. Ni niy yaye ta, ni nig goya ta, ni ka son jin ta. Ka tahi ka biɗo mani ita duk inda tas shiga."

Ya dube ni. Na ci gaba da tsince tsakuwa daga cikin wake. Ban sani ba ko a lokacin ya gane, ban taɓa tambayarsa ba.

Gogewa ta fi nemowa sauƙi. Ya koma shagunan da ya bi ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa dariya, suna cewa ba kai ka ce a goge ba. Abokin da aka ɗauka da wayarsa ya daɗe da sayar da ita. Mai shayi ya ce wallahi shi ma ya fi son tsohuwar, ɗansa ne ya musanya masa. A wurin biki Auta ya koma tambaya kafin ya fara wasa, ko akwai mai ta dakan nan ta asali. Wasu su ce suna da ita, a kunna, sai fiyano. Hanyoyi kuma sun fara lalacewa a lokacin, an fara tare mutane, akwai ƙauyukan da ba a shiga in la'asar ta yi. Inna ta fara cewa ya bari haka nan, kada a nemi ɗaya a rasa biyu. Ni ma na so in ce ya bari, na kuma so ya ci gaba, sai na bar su.

A Zugu ya same ta, bayan damina ta wuce. Ya je wasan suna, babur ɗinsu ya yi faci a bakin gari, suna jiran mai faci sai ya ji ƙarar taɓare daga ƙarƙashin wata bishiya. Wani dattijon makiyayi ne zaune da wayarsa ɗaure da roba. Shi ba ya shiga shagon caji, da ɗan faifan sola yake caji a ruga, shi ya sa musanyar ba ta kai gare shi ba. Auta ya gaishe shi ya ce shi ne mai waƙar. Dattijon ya yi murna, ya ce ya fi shekara yana jin ta, kuma wurin da ya fi so shi ne inda yarinya ke kira. Sannan ya tambaya, "To, ita ɗiyag ga mai kiran Yaya, yanzu ta girma ko?"

Auta ya gaya masa ta rasu. Dattijon ya yi salati. Ya kwance robar, ya buɗe bayan wayar, ya zare memorin gaba ɗaya da duk abin da ke ciki ya miƙa masa. Auta ya ce a bari a tura kawai, dattijon ya ce a'a, ya kai wa masu ita.

Auta ya kawo shi ƙulle a leda, ya durƙusa ya ba Inna. Ta juya shi a tafin hannu, ɗan abu bai kai farce ba. Ta ce, "To ni mi zan yi da wanga, ni da ba ni da waya? Sa shi ga ta yayakka, ta aje mani." Ya karɓi wayata ya saka, ya nuna mini inda zan danna, ya miƙo mini ba tare da ya kalli fuskata ba. Na ce to, zan ajiye mata. Inna ta rayu shekaru bayan wannan, ba ta taɓa cewa in kawo ta ji ba.

Auta yanzu ya yi suna daidai gwargwado. Ya bar ƙauye kamar yadda da yawanmu muka bari da zama ya gagara, yana da iyali, yana da ɗakin ɗaukar waƙa nasa. Mutane sun ɗauka mai fiyanon ce waƙarsa ta farko, shi kuma bai gyara musu ba.

Ranar da ya kawo memorin ban kunna ba sai da maigida ya fita sallar la'asar. Na shiga ɗaki na saki labule, na zauna a bakin gado, na rage ƙara yadda ba za ta tsallaka katanga ba. Ga gurmi, ga taɓaryata da ta Inna, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta sauke, ga Auta da muryarsa ta yaro. Aka zo wurin shirun. Ta ce, "Yaya." Babu kowa a ɗakin, babu babba a gabana. Kafin Inna ta riga ni na ce, "Na'am."